Lasisin Bindiga a Amurka: Ƙasa Ɗaya, Doka Hamsin

A watan Oktoban 2013 wata mata mai 'ya'ya biyu ta taso daga birnin Philadelphia a motarta, ta haye gada ta shiga jihar New Jersey. Ɗan sanda ya tsayar da ita a kan wani ɗan laifin tuƙi. Da bakinta ta gaya masa akwai ƙaramar bindiga a jakarta, ta kuma miƙa masa lasisin da jiharta ta Pennsylvania ta ba ta. Nan take ya sa mata ankwa. New Jersey ba ta san da zaman wannan lasisi ba, kuma hukuncin da ke jiran matar ɗauri ne na fiye da shekara uku. Sai da maganar ta cika jaridu aka sassauta mata, daga baya gwamnan jihar na lokacin, Chris Christie, ya yi mata afuwa a 2015. Kogin Delaware ne kaɗai ya raba inda take mai bin doka da inda ta zama mai laifi.

Mu a nan mun saba jin ana cewa a Amurka kowa yana da bindiga, kamar dai doka ɗaya ce ta rufe ƙasar daga gabas zuwa yamma. Gaskiyar magana, gwamnatin tarayya ta aza harsashin gini ne kawai, kowace jiha daga cikin hamsin ɗin nan ta ɗora ginin da ta ga dama a kai. Wata ta yi doguwar katanga, wata ta bar fili fetal. Wanda ya fi kowa sanin wannan shi ne mai riƙe bindiga don sha'awa: maharbin barewa da agwagin ruwa, da mai zuwa filin gwada saiti ranar Asabar, da mai tara tsofaffin bindigogin yaƙin duniya. Da sunansa ake yaƙar kusan kowace sabuwar doka, don haka ya kamata a duba kukansa da idon basira, a ga inda yake da gaskiya da inda ake fakewa da shi.

Yawan makaman kansa abin tsayawa ne a yi tunani. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato kusan 120 ga kowane mutum 100. Yemen da ke bi mata ba ta kai rabin haka ba. Amma ba kowa ne ke da ita ba. Binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manya ne ya mallaka, ke nan wasu sun tara da yawa a gida ɗaya. Da aka tambaye su dalili, kashi 72 cikin ɗari suka ce kare kai, kashi 32 suka ambaci farauta, kashi 30 wasan harbi, kashi 15 kuma suka ambaci tarawa don sha'awa.

Dokokin tarayya ba su da yawa, kuma kusan kowacce sai da jini ya zuba aka yi ta. Ta 1934 ta zo ne bayan ta'asar gungun 'yan daba na zamanin haramta giya, ta sa harajin dala 200 da rajista a kan bindiga mai aman wuta da makamantanta. Ta 1968 ta biyo bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy. Ita ce ta hana dillali mai lasisi sayar wa ɗan ƙasa da shekara 21 ƙaramar bindiga, ko ɗan ƙasa da 18 doguwa, ta kuma haramta wa wanda aka taɓa kamawa da babban laifi mallakarta. Dokar Brady ta 1993 ta kawo binciken mai saye, kuma tun 1998 hukumar FBI ke gudanar da shi: ka cike takarda a shago, dillali ya tura sunanka, galibi cikin mintoci amsa ta dawo. Sai dai akwai ƙofofi biyu a buɗe. Idan kwana uku na aiki suka wuce ba amsa, dillali yana iya miƙa maka kayanka. Ta nan ne saurayin da ya kashe baƙaƙen fata tara a wani coci a Charleston a 2015 ya samu tasa. Sannan idan maƙwabcinka ne ya sayar maka, ba dillali ba, dokar tarayya ba ta tilasta wani bincike ba. Ga kuma dokar 1986 da ta hana gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindigogi na gama-gari. Ƙasar da ta san lambar kowace mota ta ɗaure hannun kanta game da sanin inda bindigogi suke.

Daga nan sai jihohi su karɓa. A Massachusetts, kafin ka taɓa sayen bindiga sai ka yi kwas na koyon riƙe ta, ka je ofishin 'yan sandan garinku a ɗauki hoton yatsunka, a bincike ka, sannan doka ta wajabta maka kulle ta idan ba ta hannunka. A Illinois, tun 1968 ko harsashi ba ka ajiyewa sai da katin shaidar da 'yan sandan jiha ke bayarwa. A New Jersey kowace ƙaramar bindiga da takardar izininta, kuma ɗaya tak za ka saya cikin kwana 30. Kalifoniya tana sa ka jira kwana 10 bayan ka biya kuɗi, ta kuma hana sayar da gidan harsashi mai cin fiye da 10. A ɗaya ɓangaren, jihar Vermont ba ta taɓa neman lasisin yawo da bindiga ba a tarihinta. Alaska ta bi sahu a 2003, Arizona a 2010, Teksas a 2021, Fulorida a 2023. Zuwa 2024 jihohi 29 ne baligi zai soke ƙaramar bindiga a ƙugu ya shiga kasuwa ba tare da lasisi ko horon awa ɗaya ba.

To, ina kukan mai sha'awa? Na farko shi ne wannan ruɗani. Mutum ya taso daga jiharsa zuwa gasar harbi ta ƙasa da ake yi a Camp Perry na jihar Ohio tun 1907, sai ya zauna ya yi nazarin dokar kowace jihar da zai ratsa kamar mai shirin jarrabawar lauya. Dokar tarayya ta ba shi damar wucewa idan bindigar ba harsashi a ciki kuma tana kulle a bayan mota, amma idan ya yada zango ya kwana a jihar da ba ta yarda ba, yana iya kwana a hannun hukuma. Bindigar da ya saya da halalinsa a wannan gari, a wancan tana iya zama haramtacciya saboda siffar mariƙinta kawai. A nan ina tare da shi. Dokar da mai niyyar bi ba zai iya gane ta ba sai da lauya, akwai gyara a cikinta.

Kuma masu sha'awar nan ba ƙananan mutane ba ne. Kim Rhode, 'yar Kalifoniya, ta ci lambar yabo a wasan harbi a gasar Olamfik shida a jere, daga 1996 zuwa 2016. Mai atisaye irin nata yana ƙona ɗaruruwan harsasai a yini. Da jiharta ta kawo dokar binciken mai sayen harsashi, har da hana shigo da shi kai tsaye daga wata jiha, ita ce ta shiga gaba aka kai ƙara a 2018, shari'ar ta yi shekaru tana yawo tsakanin kotuna. Haka nan maharban Amurka suna da abin tinƙaho da ba kowa ya sani ba: tun 1937 akwai haraji na musamman, kashi 11 cikin ɗari a yau, a kan dogayen bindigogi da harsasai, kuma kuɗin yana tafiya ne wajen kula da dazuzzuka da namun daji. Barewa da talotalon daji da suka kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20 sun dawo, da kuɗin masu harbinsu.

Kuka na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne lasisin da ke hannun son ran jami'i. A 1956, bayan an jefa bam a gidansa a Montgomery, Martin Luther King ya nemi izinin riƙe bindiga, hukumar Alabama ta hana shi. A 1967, da 'yan ƙungiyar Black Panther suka fara sintiri da bindigogi a fili a Kalifoniya, nan da nan majalisar jihar ta haramta hakan, gwamna Ronald Reagan ya sa hannu. A New York, fiye da shekara ɗari doka tana cewa sai ka gamsar da jami'i cewa kana da wata buƙata ta musamman kafin a ba ka izinin fita da bindiga. A aikace, attajirai da fitattun mutane da masu uwa a gindin murhu su ne suka fi samu. Mu da muka san yadda takarda ke tafiya a ofis idan kana da wani, da yadda take kwanciya idan ba ka da kowa, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Wannan doka ta New York ce Kotun Ƙolin Amurka ta rushe ranar 23 ga Yunin 2022 a shari'ar Bruen, alƙalai shida suka rinjayi uku. Dama a 2008, a shari'ar Heller, kotun ta ce gyaran fuska na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1791 ya ba kowane mutum 'yancin ajiye bindiga a gida, a 2010 kuma ta ce hukuncin ya hau kan jihohi. Abin da ya dame ni a Bruen shi ne ma'aunin da mai shari'a Clarence Thomas ya kafa: duk dokar bindiga ta yau sai an samo mata 'yar'uwa a tarihin ƙasar na da. Wato alƙali ya koma zamanin bindigar ɗure, wadda sai an yi ta fama da albarushi kafin a yi harbi ɗaya, ya nemo hukuncin bindigar da ke zazzage harsashi 30 kafin mutum ya gama salati. Har ta kai wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba a da hurumin ƙwace bindiga daga mutumin da kotu ta hana kusantar matar da yake duka, sai da Kotun Ƙoli ta gyara wannan a 2024, takwas da ɗaya. Amma akwai abin da masu murna da Bruen ba su cika faɗa ba. Mai shari'a Brett Kavanaugh, wanda yana cikin masu rinjayen, ya rubuta ƙarara cewa jiha tana da ikon neman lasisi, da hoton yatsu, da bincike, da horo, muddin duk wanda ya cika sharuɗɗan za a ba shi.

Nan ne matsayina yake. Lasisi kafin saye, mai sharuɗɗa a rubuce, wanda jami'i ba shi da ikon hanawa don bai ga damarka ba, shi ne mafi adalcin abin da Amurka ta gwada, kuma akwai shaidar yana aiki. A 1995 Connecticut ta wajabta wa mai son ƙaramar bindiga ya je da ƙafarsa ya nemi izini, a bincike shi, ya yi horon awa takwas. Masana na Jami'ar Johns Hopkins sun ƙiyasta cewa kisa da bindiga ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari a shekaru goman farko, idan aka kwatanta da abin da ake tsammani ba don dokar ba. Missouri ta yi akasin haka: a 2007 ta soke irin wannan doka da ta gada tun 1921, kisa da bindiga ya tashi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Ana jayayya a kan girman adadin, amma jiha biyu sun bi hanya biyu, sakamako ya fito ta fuska biyu. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Mai sayo wa ɗan daba bindiga da sunansa yana iya shiga shago ya yi ƙarya a takarda, amma zai yi tunani sau biyu kafin ya kai fuskarsa da yatsunsa ofishin 'yan sanda.

Me mai sha'awa ya rasa a wannan tsari? Yini ɗaya a aji da 'yan makonni na jira, sau ɗaya cikin shekaru. Mutumin da ke iya kwana a daji cikin sanyi yana dakon barewa ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Shi da kansa ya saba da lasisi: ba ya fita farauta sai da takardar jiha, jihohi da yawa sai ya yi kwas, kuma idan agwagin ruwa zai harba, dokar tarayya ta ce bindigarsa kada ta ɗauki fiye da harsashi uku. Ya karɓi wannan shekara da shekaru saboda agwagwa, ban ga dalilin da zai ƙi kwatankwacinsa saboda ɗan Adam ba.

Alƙaluman mutuwa su ma suna magana. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, inji hukumar lafiya ta CDC. A Mississippi, mutum kusan 34 cikin kowane dubu ɗari. A Massachusetts, ƙasa da huɗu. Ba zan ce doka ce kaɗai ta raba su ba, domin talauci da tarihin wariya suna da hannu, kuma jihohi irin su Vermont da Maine suna da sassauƙar doka amma kisan kai a cikinsu kaɗan ne. Sai dai abin da ba a cika kawowa a labarai ba shi ne fiye da rabin waɗancan mamata, mutum 26,328, su ne suka harbe kansu. Da yawansu maza ne farare na karkara, irin mutanen da suka tashi da bindigar farauta a jingine bayan ƙofa. Baƙin ciki yakan zo ya wuce, wanda ya sha guba sau da yawa akan ceto shi a asibiti, amma wanda ya ja kunamar bindiga da wuya a same shi da rai. Jiran kwana goma da akwatin kullewa da mai sha'awa ke ƙorafi a kai, gidansa suka fi karewa. A 2020 kuma bindiga ta wuce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar.

Ita ma kalmar "mai sha'awa" ba ta wanke kowa. Mutumin da ya buɗe wuta daga tagar otal a Las Vegas ranar 1 ga Oktoban 2017, ya kashe mutum 58 a daren, ta halal ya sayi tarin bindigoginsa, ba wanda ya tambaye shi me zai yi da su. Wanda ya kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane ta Birtaniya a 1996 yana da lasisi, ɗan ƙungiyar harbi ne. Saboda haka lasisi ba laya ba ne, yana rage ɓarna ne kawai. Ƙungiyar NRA kanta, wadda tsofaffin sojoji suka kafa a 1871 don koya wa mutane saiti, ta daɗe tana zaman ƙungiyar maharba da masu gasa, har shugabanninta na da ba su ƙi wasu dokoki ba. A taronta na Cincinnati a 1977 ne masu tsattsauran ra'ayi suka ƙwace ragama, daga nan maharbi ya zama tutar da ake ɗagawa a yaƙin siyasa da na kasuwa.

Babbar matsalar da ta rage ita ce wadda jiha ba ta iya magancewa ita kaɗai. Rahoton da birnin Shikago ya fitar a 2017 ya nuna kusan shida cikin goma na bindigogin da aka kama a wuraren laifi, waɗanda aka gano asalinsu, daga wajen jiharsa ta Illinois aka sayo su, kuma kusan ɗaya cikin biyar daga Indiana, wadda ba ta kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai bin doka shi ke wahala a kan iyaka, ɗan fasa-ƙwauri kuwa iyakar ce jarinsa.

Abin da ya sa na ga maganar ta shafe mu shi ne, kwanaki kaɗan bayan hukuncin Bruen, a ƙarshen Yunin 2022, gwamnatin Bello Matawalle ta umarci mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin 19. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Ta fuskar doka ya yi gaskiya: kundin tsarin mulki na 1999 ya sa makamai a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma Dokar Makamai ta 1959 ta bar izinin manyan bindigogi a hannun shugaban ƙasa, na farauta irin mai baki biyu a hannun Sufeto Janar, bindigar toka kuma a hannun kwamishinan 'yan sanda. Kafin Matawalle, Aminu Masari ya yi irin wannan kira a Katsina a 2021, Janar T.Y. Danjuma ma ya yi a Jalingo a 2018.

Ba zan haɗa manomin Zurmi ko na Batsari da mai harbin faranti a Ohio ba. Mai harbin farantin nishaɗi yake nema, manomin kuwa so yake ya kwana da iyalinsa a raye, kuma duk wanda bai taɓa biyan kuɗin fansa ba ya yi hattara wajen yi masa wa'azi. Amma mun riga mun ga fuska biyu na makami a hannun jama'a. Maharban Adamawa da suka taimaka aka kori Boko Haram daga Maiha da Mubi a 2014 sanannu ne, suna da shugabanni, an san gidan kowa, wanda ya yi ba daidai ba akwai mai kiransa. 'Yan sa-kai na Zamfara da ba su da mai tsawata musu kuwa, kisan da suka riƙa yi a kasuwanni ba shari'a yana cikin abin da ya hura wutar da ake ciki yau. Bindiga iri ɗaya ce. Abin da ya bambanta su shi ne akwai wanda ya san mai riƙe da ita, ko babu.

Yanzu da ake ta maganar 'yan sandan jihohi, wata rana wani zai miƙe a majalisa ya ce a sakar wa gwamnoni ikon ba da lasisin bindiga, kuma zai kafa hujja da Amurka. Ina roƙon 'yan majalisarmu na tarayya kada su yarda. Jiha 36 da doka 36, ga iyakokin da babur ke ratsawa ta daji, ga gwamnonin da ke neman zaɓe duk shekara huɗu, abin da ya sami Shikago wasa ne a kan abin da zai same mu. Aikin da ke gabansu shi ne su zauna su sabunta dokar 1959: doka ɗaya ga ƙasa duka, sharuɗɗa a rubuce da Hausa da sauran harsuna yadda maharbin ƙauye zai gane, horo na dole, shaidar mai unguwa da hakimi, rajistar kowace bindiga da lambarta da sunan mai ita, da wa'adin da dole jami'i ya ba da amsa ko ya faɗi dalilin hanawa a rubuce. Rundunonin tsaron al'umma da Katsina ta kafa a 2023 da Zamfara a 2024, su ma a shigar da makamansu cikin wannan rajista tun kafin siyasar zaɓe ta karɓe su.